Digiri na biyu a binciken lafiyar gine-gine: yadda na yi shi daga gida

Kafin in shiga wannan karatu, aikina shi ne karɓar koke-koken 'yan haya a wani kamfani da ke kula da gidaje a Ingila. Wannan ya bugo waya ya ce silin ɗinsa na yoyo, waccan ta ce bangon ɗakin 'ya'yanta ya yi baƙi ƙirin da fumfuna, ni kuma in rubuta in tura ɗan kwangila. Idan matsala ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai a kira safiyon gini. Shi zai je ya duba, ya dawo da rahoton da ke bayyana ainihin abin da ya jawo ɓarnar, da gyaran da ya dace, da wanda biyan kuɗin ya rataya a wuyansa. Aikinsa daban yake da na mai awon fili, daban kuma da na mai lissafin kuɗin kwangila. Shi da ginin da ya riga ya tsaya yake hulɗa: yaya aka gina shi, me ke damunsa, me doka ta ce a kansa. Na daɗe ina karanta rahotannin irin waɗannan mutane kafin in yanke shawarar cewa ni ma abin da nake so in riƙa rubutawa ke nan.

Digirina na farko bai shafi gini ba, ga iyali, ga ɗawainiyar yau da gobe, saboda haka maganar ajiye aiki a koma jami'a ba ta ma taso ba. Karatu daga nesa ta intanet shi ne ƙofar da ta rage. Shawarar farko da aka ba ni, wadda ni ma nake ba duk wanda ya tambaye ni, ita ce kada in biya ko sisi sai na tabbatar ƙungiyar RICS ta amince da kwas ɗin. Wannan ƙungiya, da aka kafa a Landan a 1868, ita ke ba safiyo shaidar ƙwarewar da kamfanoni da bankuna da kotuna ke girmamawa a Birtaniya da wasu ƙasashe da dama. Amincewarta kuma ta kwas ce, ba ta jami'a ɗungurungum ba. Jami'a ɗaya tana iya samun kwasa-kwasai biyu masu kama da juna a suna, ɗaya yana cikin jerin ƙungiyar, ɗayan babu shi. Koyar da wannan sana'a daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kwalejin nan ta College of Estate Management, da aka kafa a 1919 ta kuma koma garin Reading daga baya, ta shekara da shekaru tana aika wa ɗalibai darussa ta gidan waya tun ba a san intanet ba. Ni dai wata jami'ar na zaɓa, domin tana barin mutum ya riƙa biya darasi-darasi.

Neman gurbin bai ba ni wahala ba: takardar digiri, bayanin aikin da nake yi, da gajeren rubutu kan dalilin da ya sa nake son kwas ɗin. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Digiri na biyu a Birtaniya kiredit 180 ne, kuma kowane kiredit ana lissafa shi a matsayin awa 10 na karatu. Awa 1,800 ke nan. Idan aka raba su cikin shekara biyu, aka cire hutu, mutum zai ga yana buƙatar wajen awa 20 a kowane mako, a kan aikin da yake ci da shi. Duk mai niyya ya zauna ya yi wannan lissafin da mutanen gidansa kafin ya cike fom, domin daga lokacinsu za a yanko waɗannan awoyi. Nawa daga asuba suka fito, da daren ranakun aiki, da kusan dukan ranar Asabar.

Tsarin mako bai cika canzawa ba. Ranar Litinin a buɗe sabon babi a shafin ɗalibai: abin karantawa, gajerun bidiyo, da tambayoyin gwada kai. Tsakiyar mako a yi lacca kai tsaye, a kuma naɗe ta domin wanda bai samu halarta ba. A ajinmu akwai masu shigowa daga Hong Kong dare ya raba a wurinsu, akwai na Dubai, akwai kafintocin da suka yi shekaru a wurin gini, akwai kuma waɗanda ba su taɓa hawa tsani ba. Kaɗaici gaskiya ne, amma ba shi ne babbar matsalar ba. Mun buɗe zauren WhatsApp, ya rage zafi sosai.

Darasin farko kan fasahar gini ne, wato yadda ake ɗora gida tun daga harsashi har rufi, da yadda salon ya riƙa sauyawa daga zamani zuwa zamani. Da farko na ɗauka hadda ce kawai. Sai da muka zo kan jerin jan bulo na ga amfaninsa a titin da nake bi kullum. Idan ka dubi bango ka ga an cuɗanya dogon gefen bulo da gajeren kansa a jere, akasari wannan bango cikakke ne, kaurinsa wajen inci 9, babu rata a cikinsa. Idan kuwa dogon gefen kaɗai kake gani layi bayan layi, to galibi bango biyu ne da rata a tsakani, salon da ya yaɗu daga shekarun 1920 da 1930. Wannan ɗan bambanci shi ke gaya maka yadda ruwa da sanyi za su yi da gidan, da irin gyaran da zai karɓa da wanda zai cutar da shi. Daga lokacin tafiyata zuwa tashar bas ta zama aji. Ina tafe ina ƙiyasta shekarun gidaje, in na dawo in duba tsofaffin taswirori in ga ko na dace.

Zuciyar kwas ɗin kuwa shi ne darasin cututtukan gini, kuma a nan ne na ga iyakar abin da kwamfuta za ta iya koya wa mutum. Ka'idar a bayyane take a rubuce. Danshi iri-iri ne: akwai mai tasowa daga ƙasa, akwai mai ratso bango daga ruwan sama, akwai yoyon famfo, akwai kuma wanda tururin girki da wanka da numfashi ke haifarwa idan ya haɗu da bango mai sanyi ya koma raɓa. An koya mana cewa na'urar auna danshi mai allurai biyu wutar lantarki take aunawa, yadda take ratsa abu, kuma domin katako aka saita ta. Idan ka soka ta a filasta mai gishiri za ta nuna ja ko da bangon a bushe yake. An koya mana cewa katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ya shiga haɗarin ruɓewa. An koya mana dalilin da ya sa shafa siminti a tsohon bangon da aka gina da farar ƙasa ke ɓata shi: farar ƙasa tana barin ruwa ya fita, siminti kuwa yana kulle shi a ciki, sai sanyin hunturu ya daskarar da shi ya farfasa fuskar bulon. Duk wannan na iya shi a takarda, na ci maki mai kyau a kansa. Amma hoton da malami ya saka a darasi, an riga an zaɓo shi, an haska daidai inda ciwon yake. Gida na gaske ba ya nuna maka inda za ka duba.

Shi ya sa na je wurin wani dattijon safiyo da kamfaninmu ke ɗauka aiki, na roƙe shi ya bar ni in riƙa bin sa a ranakun hutuna, in riƙe masa tsani da tocila. Ya amince. Wata rana muka je wani gida na zamanin Sarauniya Biktoriya, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna. Ƙasan bangon falo ya jiƙe, fenti na ɓarewa, kuma wani ɗan kwangila ya riga ya kawo farashin huda bangon a ɗura masa sinadarin tare danshi. Na sa hannu a jaka zan ciro na'ura, sai dattijon ya ce, "Bar ta tukuna. Fita ka zagaya gidan, ka dawo ka gaya mini hanyar da ruwan sama ke bi tun daga saukarsa a kan rufin nan har ya bar harabar."

Na fita. An daɓe gaban gidan da sabon daɓe, ya taso har ya haura layin da ke tare danshi a gindin bango, alhali ƙa'ida ita ce ƙasa ta kasance aƙalla milimita 150 a ƙarƙashin wannan layi. Daɓen ya kuma toshe 'yan ramukan iskar da ke shayar da ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. Da ya fito, sai ya zura hannunsa bayan bututun ƙarfen da ke sauko da ruwan rufi, ta gefen da ke fuskantar bango, ya ciro yatsunsa da tsatsa da gansakuka. Bututun ya tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa, duk ruwan da aka yi a jikin bangon yake ƙarewa. Muka koma ciki, ya tsaya kusa da taga, ya ɗaga dugadugansa ya sake su da ƙarfi. Daɓen katakon ya yi lilo, kofin da ke kan tebur ya yi ƙara. Kawunan katakan da ke ɗauke da daɓen sun fara ruɓewa a inda suka shiga bango. Ruwa ba ya tsami banza. Da an ɗura sinadarin nan, da an kashe kuɗi, an sake filasta, bangon ya yi kyau na 'yan watanni, katakon kuma ya ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashin ƙafafun yara.

Ba wani sabon ilmi ya koya mini a ranar ba, duk abin da muka gani yana cikin darussana. Abin da ya koya mini shi ne tsarin dubawa: waje kafin ciki, sama kafin ƙasa, ido da hannu da hanci kafin na'ura. Warin naman gwarin da ke cin katako, ko amon filastar da ta rabu da bango idan ka ƙwanƙwasa ta, babu bidiyon da zai ba ka su. A ganina wannan shi ne abin da ya kamata jami'o'i su faɗa wa mai neman gurbi ƙarara tun ranar farko: mu za mu ba ka dalilai da dokoki, amma ginin da za ka taɓa da babban da zai tsaya a kanka, kai za ka nemo su. Abokan karatuna da ke aiki a ofisoshin safiyo sun samu wannan a ɓagas. Waɗanda ba su da wannan gata, kuma ba su nema ba, su ne na ga sun fi jigata a ayyukan da ake ba mu.

Haka abin yake a maganar tsagewar bango. Akwai ma'aunin da hukumar binciken gine-gine ta BRE ta fitar, mai matakai daga 0 zuwa 5. Tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta kwalliya ce, wadda ta haura milimita 25 kuwa tana iya kaiwa ga sake gina ɓangaren. Sai dai faɗin tsaga rabin labari ne. Ana duba inda ta nufa, ko ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ko ta ratsa har ciki, ko tana motsi da sauyin yanayi. A yankin Landan, inda ƙasar yumɓu ce mai ƙanƙancewa idan ta bushe, bishiyar da ke kusa da gida tana iya shanye ruwan ƙasa a shekarar fari har harsashi ya zauna. Tsaga a kwance kuma, mai maimaita kanta bayan kowane 'yan layukan bulo, sau da yawa alama ce ta cewa ƙarafan da ke ɗaure bango biyun nan sun yi tsatsa sun kumbura.

Inda karatu daga nesa ya fi yi mini daɗi shi ne ɓangaren shari'a, domin shi karatu ne na zama da nutsuwa, kuma ina iya mayar da lacca baya in sake ji. Dokar bangon tarayya ta 1996, mai aiki a Ingila da Wales, ta wajabta wa mai son taɓa bangon da ya haɗa shi da maƙwabci ya ba shi sanarwar wata biyu, ko ta wata ɗaya idan haƙa zai yi a cikin tazarar mita 3 wadda za ta zarce zurfin harsashin maƙwabcin. Abin da ya burge ni shi ne safiyon da aka naɗa a ƙarƙashin wannan doka ba ɗan amshin shatan wanda ya ɗauke shi ba ne, dokar yake yi wa aiki. Sai kuma rikicin da ke tashi idan hayar shago ko ofis ta ƙare, mai gini ya ce an bar masa wuri a lalace. Sashe na 18 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1927 ya hana shi karɓar diyyar da ta wuce faɗuwar darajar ginin, ko da kuɗin gyaran ya fi haka. Mun kuma yi kwangilolin JCT, wato daidaitattun takardun yarjejeniyar aikin gini, da tsarin kula da tsofaffin gine-ginen tarihi, waɗanda ko taga ba a canza musu sai da izini.

Darasin kariya daga gobara ba a yi shi da wasa ba, kuma bai kamata a yi ba. Gobarar benen Grenfell a Landan, ranar 14 ga Yuni 2017, ta ci rayuka 72, kuma rufin adon da aka manna wa jikin benen, mai roba a tsakiyarsa, shi ya kai wutar sama cikin ɗan lokaci. Daga nan aka samu rahoton Judith Hackitt, wadda gwamnati ta naɗa ta sake nazarin ƙa'idojin gini da na gobara, a 2018, sannan dokar tsaron gine-gine ta 2022, wadda ta ɗora sharuɗɗa masu tsauri a kan benayen zama da suka kai mita 18 ko hawa 7. Ka'idoji sun yi ta sauyawa har littafin da aka buga shekaru kaɗan baya ya zama ba abin dogaro ba, dole mutum ya koma ga takardun gwamnati na yanzu. Ga kuma kankaren RAAC, mai ramuka kamar soso, da aka yi ta rufa makarantu da asibitoci da shi daga shekarun 1950 zuwa 1990. A ƙarshen Agusta 2023, ana gab da komawa makaranta, aka umarci makarantu sama da 100 a Ingila su rufe gine-ginen da ke da shi. Asbestos ma, kayan ginin nan da shaƙar ƙurarsa ke lalata huhu, bai tafi ba: sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya, don haka duk ginin da ya riga shekarar 2000 ana ɗaukarsa da zargi kafin a huda ko'ina. Waɗannan su suka sa na daina kallon rahoton safiyo a matsayin takardar cike fayil.

Yawancin makinmu daga rubutattun ayyuka ya fito, kuma an tsara su kamar aikin gaske: ka zaɓi gini, ka nemi izinin mai shi, ka duba, ka auna, ka zana, ka rubuta wa wanda ya ɗauke ka rahoto. Wuyar ita ce rubutu biyu ake so a cikin ɗaya. Malami yana son hujja daga littattafai, mai gida kuwa yana son a gaya masa da harshen da zai gane: me ya lalace, me ya sa, yaya gaggawarsa, me zai faru idan an bari. Sannan dole ka faɗi abin da ba ka samu dubawa ba, kamar ƙarƙashin kafet ko cikin rufin da ba shi da ƙofar shiga, domin a kan irin wannan ake maka safiyo a kotu. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wani lokaci sharhin malami kan aiki ɗaya ba ya zuwa sai an kusa miƙa na gaba, ga shi babu ofishin da za ka ƙwanƙwasa, sai saƙon imel da jira.

Kundin bincikena a kan fumfuna a gidajen haya na jama'a na yi shi, domin a nan tsohon aikina da sabon ilmina suka haɗu. A Disamba 2020 wani yaro ɗan shekara 2 ya rasu a garin Rochdale, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar cewa daɗewa cikin fumfunar gidansu ce ta yi ajalinsa, bayan iyayensa sun yi ta kai kuka. A Oktoba 2021 ma ofishin sauraron koke-koken gidaje ya fitar da rahoto yana jan kunnen masu gidaje su daina ɗora laifin danshi a kan salon rayuwar 'yan haya. Na nemi izinin kwamitin ɗa'a na jami'a, na tattauna da ma'aikatan gyara ta bidiyo, na kuma bi tsofaffin koke-koke bayan an cire sunaye. Abin da na riƙa cin karo da shi shi ne a wanke bango a shafa fenti a rufe fayil, ba tare da wani ya duba ko fankar banɗaki na jan iska, ko akwai gurbin da sanyi ke ratsowa a kusurwar, ko iyalin na da halin kunna na'urar ɗumama ɗaki ba. Ni da mai duba kundina ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma ta karanta kowane babi da jan biro, ta kuma hana ni faɗin abin da hujjata ba ta kai ba.

Samun digirin bai mai da ni cikakken safiyo ba. Saura gwajin ƙwarewa na RICS, wanda ake kira APC. Ga wanda bai kai shekara 5 a fagen ba, ana buƙatar horo na aƙalla wata 24 a ƙarƙashin ƙwararren ɗan ƙungiya, da awa 48 na ƙarin ilmi a kowace shekara, da rahoton kalmomi 3,000 kan wani aiki da mutum ya yi da hannunsa, sannan ganawar awa ɗaya da alƙalai, wadda ake buɗewa da jawabin minti 10. Tambayoyin ɗa'ar sana'a suna cikinta, kuma wanda ya faɗi a nan ya faɗi duka. Na koma sashen safiyo na kamfaninmu, dattijon nan kuma ya yarda ya zama mai sa mini hannu. Aikin da na zaɓa domin rahotona shi ne sake rufin wani ƙaramin bene mai shimfiɗaɗɗen rufi, tun daga gano inda ruwa ke shiga, da rubuta bayanin aikin da 'yan kwangila suka yi takara a kansa, har zuwa duba aikin kafin a biya su kason ƙarshe. Yanzu ina kan babin da zan bayyana hanyoyin gyaran da na ajiye da dalilin ajiye kowacce, domin an ce a nan alƙalan suka fi tsananta tambaya.